Ɗibar Wuta a Tafin-Hannu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya rataye sama ba da igiya ba, ya raba wa bayinsa ƙafafu, wasu na zama wasu na yawo. Bayan haka, ni ne Arzika ɗan Tunau, farke jikan farke, wanda ya sha ruwan ƙoramu casa'in, ya ci tuwon ƙasashen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba. Mai son jin yadda aka yi ƙafata ta tsaya, ya gyara zama.

Tun ina saurayi ake ce mini mai ƙafar kare. Ban taɓa jin haushi ba, don a ganina zama wuri ɗaya tsautsayi ne, kuma ba kifi kaɗai ya gano haka ba. Na ƙudurta a raina sai na nemo garin da ya fi kowane gari daɗin zama a bayan ƙasa, sannan in zauna. Da na auri Yalwa, tun lalle bai goge daga hannunta ba na gaya mata wannan buri. Ta ce to, ta ɗaura tukunyarta da ludayinta a kan jaki. Ita ta ɗauka tafiyar shekara guda ce. Muka yi goma sha ɗaya.

Ba zan ba ku labarin duk inda muka taka ba, sai biyu, don su ne suka kai ni ga na uku.

Na farko Birnin Sauri ne, mai ƙofa arba'in, gidajensa hawa bisa hawa har tsuntsu kan huta sau biyu kafin ya kai soron ƙarshe. Mutanensa a guje suke cin abinci, a guje ake yi musu aski. Dokarsu kuwa, gaisuwa kada ta wuce kalma ɗaya. Ni ban sani ba, na tare wani mai sayar da igiya na ce masa ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa. Kafin in kai ga lafiyar dabbobinsa, masu tsaron birni sun riƙe ni sun kai ni gaban alƙali. Alƙali ya ce laifina satar lokacin jama'a, hukuncina shekara bakwai ina juya dutsen niƙa.

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, na karɓi hukunci. Sai dai a garinmu ba a tafiya da mai laifi sai ya gaida alƙali."

Ya ce in yi maza. Na fara. Na tambayi kwanansa da gajiyarsa, na bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, na koma kan surukansa, na shiga lafiyar alfadarinsa. Masu jiran shari'a suka taru har bakin titi, alƙali yana ta zufa yana kaɗa ƙafa. Da na ce, "Yaya kuma jikin tsohuwa?" sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ku fitar da mutumin nan daga birnina kafin ya kai ga kakannina." Haka muka fita, da jakinmu da komai.

Na biyu Tsibirin Maƙera ne, a tsakiyar Tekun Toka. Mutanensa ƙatti ne masu ƙonannen gemu, kuma duk baƙon da jirgi ya ajiye musu, a kan zuga-zugi yake ƙare kwanansa. Wata biyu ina zuga musu wuta, Yalwa tana ɗebo musu gawayi. Shugabansu, wani mai suna Dungurum, kullum taƙamarsa babu irin wutar da bai sani ba a duniya. Ran nan da gajiya ta ishe ni na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni kuwa ina da wutar da ba ta hayaƙi, a jakar tsumma nake ajiye ta, ba ta ƙona jakar."

Ya ce in gaskiya ne in zaɓi abin da nake so a tsibirin in tafi. In ƙarya ce, zai narka ni ya ƙera awartaki.

Na je na kwance ƙullin barkonon Yalwa, ɗan mitsitsin nan tsiduhu, na kawo masa. Su ba su taɓa ganin barkono ba. Ya cika tafinsa ya watsa a baki. Ƙaton nan ya zauna dirshan a ƙasa, hawaye na bin gemunsa, yana hura iska ya fi ni iya zuga. Da ya dawo hayyacinsa ya cika alkawari, amma ya riƙe ƙullin duka. Ni kuwa na zaɓi wani garwashi guda da suke ajiyewa a cikin battar ƙarfe, wanda ba ya mutuwa. Iska ba ta kashe shi, ruwa ba ya kashe shi, ba ya kuma neman itace. Wata uku muna shan miya ba yaji, kuma babu ranar da Yalwa ba ta tuna mini dalili ba.

Daga ranar nan na daina roƙon kowa komai. Ko a tsakiyar sahara muka sauka, ko a bakin kogi cikin ruwan sama, sai in buɗe batta in tara ƙirare, wuta ta tashi. Har kirari nake yi wa kaina, ina cewa Arzika ba ya neman ko wuta a hannun ɗan Adam. Na san girman kai rawanin tsiya ne, amma a lokacin gani nake rawanin ya yi mini kyau.

A shekara ta goma sha ɗaya muka iso wata mararraba a gindin manyan duwatsu. Yalwa ta tsayar da jaki da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan dutse.

"Maigida," in ji ta, "zan yi magana, kuma ba faɗa ba ne. Duk garin da muka shiga sai ka samo masa aibi. Wannan ruwansa da gishiri, wancan mutanensa da rowa. Ni ban taɓa shuka abu na tsaya na ci 'ya'yansa ba. Ba ni da macen da zan ce wa ƙawata. Garin da za mu shiga nan gaba, in ka zauna na zauna. In ka wuce, ni zan juya gidan iyayena, kai ka ci gaba da nemanka. Ba fushi."

Da ta ɗaga murya da na san yadda zan lallashe ta. A sanyaye ta faɗa, tana gyara bakin zanenta, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ina son matar nan fiye da yadda na taɓa gaya mata, ban kuma san yadda ake tafiya ba ta a bayan jaki ba.

Hanyar dama ta shigar da mu wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu biyu, ƙorama na bin tsakiyarsa, jaki da kaya da ƙyar yake wucewa. Rabin yini muna ciki. Da muka fito sai ga kwari a buɗe, shar da shi, duwatsu biyar sun kewaye shi sun ɗan ranƙwafo. Shi ya sa mutanensa ke kiran garin Tafin-Hannu, duwatsun kuma Babban-Yatsa da Manuniya har zuwa Ƙaramin-Yatsa, lungun da muka biyo kuma Wuyan-Hannu. Gidajen ba su kai ɗari ba. Gonakinsu hawa-hawa suke a jikin dutse, an tokare kowace da jeren duwatsu, ruwa na saukowa daga wannan zuwa waccan.

Dattijon garin wani siririn tsoho ne mai kiwon zuma, ana ce masa Baba Kakale. Ya sauke mu a ɗakin baƙi da ke jikin gidansa, ya aiko da fura da saƙar zuma. Da muka huta na je na gaishe shi, ya bar ni na yi gaisuwata har ƙarshe, ya kuma mayar mini da wadda ta fi tawa tsawo. Sannan na tambaye shi yadda baƙo ke zama ɗan gari.

Ya ce, "Baƙo kwana arba'in gare shi a nan. Bayan haka damina za ta sauka, ruwa ya cike Wuyan-Hannu, wata biyar ba shiga ba fita. Kafin nan muke raka baƙo, don kada mu tsare shi daga mutanensa."

"In yana son zama fa, Baba?"

"Sai an ɗebi wuta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, baƙo."

Da gari ya waye na ga abin da yake nufi, ko in ce na ɗauka na gani. A Tafin-Hannu ba su da ƙyastu. Kowane gida kan rufe garwashinsa da toka, wanda tasa ta mutu kafin safiya sai ya ɗauki tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, ya je maƙwabta ya ɗebo. Da sassafe za ka ga mutane na ratsa juna a lunguna, kowa da ɗan hayaƙinsa a hannu. Na koma ɗaki ina dariya na ce wa Yalwa, "Abin nema ya samu, matar farke ta haifi jaki. Garin da ake neman wuta, ga mai wutar da ba ta mutuwa ya iso. Kafin jibi mun zama 'yan gari."

Na share ƙofar ɗaki, na shimfiɗa tabarma, na buɗe batta na hura wutar da ake hangowa daga gindin Manuniya. Mutum na farko da ya biyo wata tsohuwa ce, Iya Tasalla, da tsingaronta a hannu. Muka gaisa. Ta dubi murhuna ta ce, "Baƙo, wutarka ba ta mutu ba?"

"Ai tawa ba ta mutuwa, Iya. Bismilla, ki ɗiba."

"A'a, na gode," in ji ta. "Allah ya kawo sauƙi." Ta wuce gidan gaba.

Haka na biyu ya yi, haka na goma. Kowa sai ya tambaya ko wutata ta mutu, in ce tana nan da ranta, ya girgiza kai ya yi mini addu'ar sauƙi. Na ce wa Yalwa hassada ce irin ta mutanen ƙauye, za su sauko.

Ana cikin haka garin ya fara shiga jikina ban ankara ba. Rana ba ta leƙowa kwarin sai ta hau kan Manuniya, don haka babu mai ce maka rago in hantsi ya same ka kana shan kunu. Ruwansu daga dutse yake fitowa, sanyinsa har haƙori. Kasuwarsu ran Laraba ce kawai, a ƙarƙashin ɗorawa ɗaya, kafin azahar an watse, kuma rabin abin da ake yi a cikinta hira ce. Wata safiya na yi tari sau biyu a bayan ɗaki, kafin rana ta take an aiko mini da magani daga gida uku, kowanne da saƙon kada in sha na sauran. Da katangar gonar wani ta zube, ba a yi shela ba, na dai ga maza na hawa da duwatsu a ka, na bi su. Kafin la'asar an tayar da ita, muka zauna a kanta muna cin ɗanwake.

Ran nan Iya Tasalla ba ta fito da tsingaronta ba, ba kuma a ga hayaƙi a ɗakinta ba. Tun kunu bai huce ba mata biyu suka tura ƙofarta, suka same ta a ƙasa, ta zame ta bugu a gwiwa. Na tuna wani attajiri a Birnin Sauri da ya yi kwana tara da mutuwa a soronsa kafin a sani. Yalwa ce ta ɗauki aikin gasa wa Iya gwiwa safe da yamma, daga nan suka ƙulla.

Aibi kuwa na nema kamar yadda na saba, na kuma samu. Gishiri sai an jira fatake. Labari ɗaya za ka ji shi sau shida a yini. Ba ka da sirri, don kwana uku da zuwanmu yara da manya sun san ina munshari, har wata ta tambayi Yalwa yadda take samun barci. Na lissafa aibobin nan a raina, na jira ƙafata ta fara ƙaiƙayi, ba ta yi ba. Yalwa kuwa ba ta jira kowa ba, ta tona bayan ɗakin baƙi ta shuka kuɓewa, tana dawowa daga rafi da dariyar da rabona da jin irinta tun muna amarci.

Sai dai kwanaki na tafiya, babu wanda ya ɗebi wutata.

Na shiga dabaru. Na sayi ɗan akuya na gasa a ƙofar ɗaki don ƙamshi ya jawo su. Suka zo, suka ci, suka yaba, suka tafi da tsingaronsu wayam. Na bi Baba Kakale cire zuma a jikin Babban-Yatsa, inda ake zura mutum da igiya zuwa bakin kogo, na yi masa tayin garwashina don hayaƙin korar ƙudan. Ya ce ya taho da nasa daga gida. Na rataya a igiyar nan ƙasa na juya mini, ƙudan zuma biyu suka shiga rigata, ban samu komai ba sai kumburi. A kwana na talatin na cika tsingaro da garwashi na kai ƙofarsa da kaina, na ce kyauta ce.

Ya dubi tsingaron, ya dube ni, ya ce cikin taushi, "Mayar da abinka, baƙo. A nan ba a karɓar wuta a hannun baƙo. Baƙo ba shi ake yi."

Na dawo raina a ɓace. Na ce wa Yalwa, "Kin ji mutanen nan? Baƙo ba ya zama ɗan gari sai an ɗebi wutarsa, kuma ba a ɗibar wutar baƙo. Ashe tun farko kora ce da hali. Sun ciyar da mu, sun yi mana dariya, ranar arba'in su raka mu." Nan na tuna abin da ke jiranmu a mararraba, hanya biyu da jaki ɗaya.

A kwana na talatin da takwas hadari ya fara taruwa a kan Babban-Yatsa. Na ɗauko akumarin jaki na zauna ina ɗinke inda ya yage. Yalwa ta dawo daga wajen Iya Tasalla da yamma, ta tsaya a kaina.

"Maigida, maimaita mini abin da Baba ya ce ranar da muka zo. Yadda ya faɗa, kada ka ƙara."

"Ya ce sai an ɗebi wuta."

"Wa zai ɗiba?"

"Su mana."

"Ya ce su?"

Bai ce su ba. Bai ce ni ba. "An" ya ce, 'yar kalmar nan da ba ta nuna kowa, ni kuwa da na ji ta sai na ajiye kaina a wurin mai bayarwa, don ban san wani wurin zama ba.

Yalwa ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Yanzu da na gama gasa wa Iya gwiwa, da idona na ga ta ɗebi ruwa ta kashe murhunta. Na ce, Iya, lafiya? Ta ce gobe tana son ganin jaririn gidan masaƙa, in wutarta na ci da wane dalili za ta je musu da sassafe. Maigida, wutar mutanen nan ba mutuwa take yi ba. Kashe ta suke yi, yau wannan gobe wancan, don kowa ya taka ƙofar kowa. Addu'ar sauƙin da suke yi maka ba hassada ba ce. Tausayinka suke ji."

"To me ya hana su faɗa mini? Kwana talatin da takwas."

"Na tambaye ta. Ta ce a nan ba a gaya wa mutum yana da buƙata, cin fuska ne. Shi ke zuwa da ƙafarsa ya faɗa."

An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ni nawa idon a buɗe yake, murhuna kawai nake kallo da shi. Na yi tsalle na miƙe na ce ai abu ya yi sauƙi, gobe da sassafe in ɗauki tsingaro in je gidan Baba.

"Da wuta a ɗakinka?" in ji Yalwa. "Garin da aka san kana munshari, ba za a san battarka na nan ba? Wanda ke da wuta ya je ɗiba, ba'a ya je yi musu."

Nan na gane inda gizo ke saƙa. Garwashin nan ba ya mutuwa, balle in ce in kashe shi yau in hura gobe. Ko dai yana wurina, ko ba ya wurina. Wata biyu na yi a kan zuga-zugi kafin in same shi. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce, shi ne hanyata. Muddin yana rataye a wuyana, kowane gari zan iya juya masa baya kowace rana, in kwana a daji in ci dafaffe. Ba wutar nake jin rabuwa da ita ba, ikon tafiyar nake ji. Na faɗa wa Yalwa haka, ban ɓoye ba.

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan taɓa ta ba. Taka ce." Ta tashi ta fara ɗaure tukunyarta da ludayinta a cikin zane, a hankali, kamar yadda ta saba yi a kowane gari.

Da hantsin kwana na talatin da tara na rataya batta na hau Ƙaramin-Yatsa ni kaɗai. A kafaɗarsa akwai wani ɗan tafki a cikin dutse, mai zurfin da ba a san ƙarshensa ba, ruwansa ya yi sanyin da ko awaki ba sa sha. Na zauna a bakinsa na daɗe. Daga nan ana ganin kwarin duka, ana kuma ganin bakin Wuyan-Hannu da hanyar da ta wuce shi ta miƙe zuwa ƙasashen da ban je ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na dubi hanyar nan da kwaɗayi. Sannan na dubi ƙasa na hango ɗakin baƙi, da wani ɗan ɗigo mai jan zane a bayansa ya sunkuya yana cire ciyawa a shukar da ba a tabbatar za a ci ba.

Na buɗe batta na kifar da ita.

Garwashin ya nutse yana ja, yana ƙanƙancewa, har ya ɓace. Can sai ruwan ya fara kumfa, tururi ya tashi. Har yau tafkin nan da ɗuminsa, tsofaffin Tafin-Hannu can suke zuwa jiƙa gwiwoyinsu, kuma kowa cikinsu yana da nasa bayanin yadda aka yi. Kafin in sauko yayyafin farko ya taɓa ni. Da na iso Yalwa ta dubi wuyana ba batta, ta ɗauki ƙwarya ta sheƙa wa murhunmu ruwa da hannunta. Ina jin ta daɗe tana son yin haka. Ragowar tuwo mai sanyi muka ci.

Safiyar arba'in ta zo da sanyi da yayyafi, ana jin ƙarar ƙorama ta ƙaru daga wajen Wuyan-Hannu. Na tona tokar murhu da yatsa, babu ko ɗumi. Yalwa ta miƙo mini tsingaro, ta koma ta zauna a kan ƙullin kayanta a bakin ƙofa. Ba ta kwance shi ba. Ta san mijinta, ta san zai iya kaiwa rabin hanya ya juyo ya ce garin ne bai dace ba.

Taku ashirin ne tsakanin ɗakinmu da zauren Baba Kakale, amma ban taɓa tafiyar da ta yi mini nauyi irinta ba. Duk gidan da na waiwaya akwai mai shara a ƙofa, yana share inda ya riga ya share. Iya Tasalla da gwiwarta ta fito da kujera.

Na yi sallama. Baba Kakale yana zaune a gaban murhunsa, wuta na ci jajir. Ya amsa, ya dubi fuskata, bai dubi hannuna ba.

"Lafiya da sassafe, baƙo?"

Ni da na yi wa alƙali surutu har ya sake ni, na rasa kalma uku. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji wani sauƙi da ban san sunansa ba. Na ce, "Baba, wutarmu ta mutu."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. "Zauna."

Na ce iyalina na jira. Ya ce a wasu garuruwa ya ji ana cewa mai ɗibar wuta ba ya zama, amma a Tafin-Hannu shi ya fi kowa daɗewa. Ya zuba mini kunu. Ya tambayi kwanana da gajiyata, ya tambayi Yalwa, ya tambayi jaki, ya tambayi inda ƙudan zuma suka harbe ni. Sai da na shanye sannan ya karɓi tsingaron, ya shimfiɗa toka a ciki, ya zaɓo garwashi uku manya ya ɗora, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Riƙe ta da kyau, Arzika," in ji shi. "Ka kuma tashi da wuri, don gobe tawa za ta mutu."

Na fito ina kare tsingaron da bakin rigata saboda yayyafi. Masu shara suka ajiye tsintsiya, wani ya ce, "Sannu da ɗiba, maƙwabci," kamar abin da ya saba gaya mini kullum.

Yalwa tana nan a kan ƙullinta. Ta dubi hayaƙin da ke tashi daga hannuna, ta daɗe tana kallo. Na durƙusa a gabanta na ce, "Baba ya ce gobe tasa za ta mutu."

Ta rufe fuskarta da mayafi, kafaɗunta na motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ita ma da na tambaye ta daga baya ta ce ba ta sani ba. Sannan ta tashi, ta kwance ƙullin, ta fito da tukunya ta ɗora a kan murhu.

"Kawo ta nan kafin ta huce, maigida," in ji ta. "Ka kuma nemo itace mai kyau. Ba za a zo gidana ɗibar wuta a samu toka ba."

Kafin azahar ruwa ya rufe Wuyan-Hannu, muna ciki.

Abin da na gani ke nan, abin da ya same ni ke nan. In akwai ƙari a ciki tsufa ne ya ƙara, Allah ya yafe mini da ku.